Dattijo Ya Tsaya, Ƙanensa Yana Sama

"Umma, to wa zai je ya gaya wa ƙanensa?"

'Yata ce ta yi mini wannan tambaya ranar Talata bayan an taso su daga makaranta. Tana tsaye a bakin jan layin da ba a yarda yara su tsallaka ba, jaka a baya, igiyar takalmi ɗaya a kwance. Na ce mata ƙarfe ba ya jin saƙo. Ta ce to me ya sa nake gaishe shi kullum da safe. Sai na durƙusa na ɗaure mata takalmin. Kwana shida ke nan ina juya tambayar, kuma wannan takarda da na manna a allon sanarwa ita ce iyakar amsar da na samo.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni mai kula da ɗakin gwaji na biyu, a madadin kaina da 'yata da duk wanda ya taɓa kara kunne a jikin tukunyar ƙarfen nan, nake sanar da 'yan uwa ma'aikata da abokan arziki rasuwar boris ɗinmu, wanda takardu suka sani da Lamba Ɗaya, mu kuma muke kira Dattijo. Ya tsaya ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, a gabana, bayan jinyar wata huɗu. Kalmomin da ake faɗa idan ɗan Adam ya tafi na ɗan Adam ne, ba zan ara wa ƙarfe su ba. Sauran ladabin kuwa duka ya cancanta.

Ga waɗanda ke ofisoshin bene, da ba su taɓa ganinsa ba: zobe biyu ne na ƙarfe, ɗaya a cikin ɗaya, da 'ya'ya goma sha takwas masu sheƙi a tsakaninsu, kowanne a gurbinsa. Faɗinsa bai wuce awarwaron hannuna ba. Irinsa ne a ƙafar keke da cikin fanka. Bambancinsa, ranar da aka haɗa shi ɗigo uku na mai aka sa masa, aka rufe shi a tukunyar ƙarfe, aka zuƙe iskar ciki ƙaf, aka ce ya yi ta juyawa har ya mutu. Aikinsa ke nan. Ba a taɓa ƙara masa mai ba, domin wanda yake wakilta ma babu mai ƙara masa.

Tagwaye ne. Daga ƙarfe ɗaya aka yanko su, hannu ɗaya ya goge su, daga kwalba ɗaya aka ɗiga musu mai. Aka zaɓi ɗaya zai tafi sama a cikin tauraron ɗan adam, ya riƙe madubin da ke juyawa sau shida a minti yana leƙen gajimare da koguna. Aka bar ɗaya a ƙasa ya riga ɗan'uwansa tsufa, don duk ciwon da zai kama na sama mu fara ganinsa a nan. An fara juya na ƙasa tun na sama yana cikin leda, shi ya sa ya zama wa, na sama ya zama ƙane.

Marigayin mai haƙuri ne. Wata hamsin da takwas ya yi a cikin duhu da sanyi, babu iska, babu mai taɓa shi, bai taɓa neman a duba shi ba. An sake wa ɗakin fenti sau biyu, rufi ya yi yoyo muka jera bokitai, an yi shekarar da kowa ya manta da shi sai ni da matar da ke share mana ɗaki, shi dai yana juyinsa. Wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan firji ba. Layin da yake ja a allon kwamfuta, wanda ke nuna ƙarfin da ake sa masa kafin ya juya, miƙaƙƙe ne kamar zaren da aka ja da hannu biyu. Baƙi in sun zo yawon gani sukan tsaya gaban tukunyar su ce, "To ina abin yake?" Mu ce yana ciki. Su ce, "Me yake yi?" Mu ce yana tsufa. Sai su yi dariya su wuce wurin injinan da ke walƙiya.

Murya kuwa yana da ita, sai dai ba kowa ya sani ba. Inda babu iska ƙara ba ta tafiya, sai ta bi jikin ƙarfe. Wanda ya koya mini jin ta shi ne tsohon makanikinmu da muke kira Baba Kunne, saboda ya fi yarda da kunnensa a kan kowace na'ura da aka taɓa kawowa gidan nan. Yana da wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi. Ka ɗora bakinta a ƙafar tukunyar ta hagu, ka danna mariƙin a ƙashin bayan kunnenka, ka rufe ido. Shuuu. Shuuu. Kamar wata tana shara a tsakar gidan maƙwabta, ba ta sauri, ba ta tsayawa.

Yanzu zan faɗi abin da ba a saba tonawa a takardar rasuwa ba, wato shekarun mamaci na gaskiya. A takarda Dattijo ya rayu shekara goma sha biyar. A kalanda bai cika biyar ba. Tazarar da ke tsakani, ni na ƙirƙire ta.

Yana da wata shida da fara juyi aka tsayar da ranar harba tauraron. Ƙa'ida ta ce ba za a tura ƙanen sama ba sai wan ya nuna zai iya shekara bakwai ɗin da ake nema, da ƙari mai yawa a kai. Lokaci kuma babu. Muka zauna a ɗakin taro kowa ya dafe kai. Ni ce sabuwa a wurin, ina da cikin wata huɗu, ina so a san ba don cike kujera aka ɗauke ni ba. Na ɗaga hannu na ce ai abin mai sauƙi ne: juyi muke ƙirgawa, to mu ninka masa gudu sau goma, wata guda ya zama wata goma. Babban Injiniya ya buga tebur ya ce ga kai nan. Aka rubuta takarda, na sa hannu a ƙasa, ya sa a sama, na tafi da ƙafata in murɗa masa gudun.

A bakin ƙofar ɗakin gwaji na tarar da Baba Kunne yana goge hannu da tsumma.

"'Yar nan," ya ce, "kin taɓa jefa faffaɗan dutse a kan ruwa?"

"Ina yarinya, Baba."

"In kika wurga shi da ƙarfi, tsalle yake yi a sama, ko jiƙewar kirki ba ya yi. Ajiye shi a hankali ki gani. Haka 'ya'yan nan suke. A guje kan mai suke hawa, ba sa taɓa ƙarfe. A sannu ne suke taka ƙasa, su murƙushe ɗan man da ke ƙarƙashinsu, yau da gobe har ya ƙone. Hutu za ki ba shi kina kiransa wahala."

"Baba, lissafi ba ya ƙarya. Juyi ai juyi ne."

Ya dube ni, ya dubi cikina, ya matsa gefe. "To, injiniya," ya ce.

Wata goma sha huɗu Dattijo ya yi yana gudu. Muryarsa ta canza daga shara zuwa wani mmmm mai laushi, kamar mace tana rarrashin jariri da baki a rufe. Bayana in ya gaji nakan jingina da tukunyar, wani lokacin da ciki, sai in ji abin da ke cikina ya lafa. Da na haife ta kuma ba ta barci sai na yi mata wannan mmmm ɗin, daidai tsayinsa, in na ɗaga ko na sauke sai ta buɗe ido. Abbanta yakan ce mu ne kawai a duniya boris ya yi wa raino. Kafin watannin su cika na'urar ƙirga ta ce Dattijo ya haura shekara goma sha biyu. Aka harba ƙanen, muka tsaya gaban talabijin muka yi tafi.

A satin ne Baba Kunne ya yi ritaya. Aka tambaye shi me yake so na sallama, agogo ko rediyo. Ya ce a mayar da Dattijo kan tafiyarsa ta asali. Aka yi ta dariya, aka ce an yi masa, tunda yanzu babu abin da ake sauri a kai. Ni na murɗa masa ya koma sau shida a minti. Washegari na buɗe durowata na ga sukudireba mai jan mariƙi a ciki, babu takarda, babu komai.

Ga lissafin da ya hana ni sukuni, kowa ya bi shi da yatsa. Wata shida na farko da wata talatin da takwas na ƙarshe, wata arba'in da huɗu ke nan Dattijo ya yi yana taka ƙasa irin takun ƙanensa. Ƙanen yau watansa talatin da takwas a sama. In har Baba ya yi gaskiya, wata shida ne tsakaninsu. Ban ce gudun bai ci masa komai ba. Ya ci wani abu, ban san nawa ba, wataƙila ya ƙara wa ƙanen shekara, wataƙila biyu. Takarda kuwa cewa take saura masa shekara goma sha biyu.

Ciwon ajali ya fara ne wata Litinin da safe. Na gaishe shi yadda na saba, na kara sukudireba, na ji shara tana tafiya, sai tsik. Na ɗauka haƙorina ne. Na ƙirga, ɗaya, biyu, har goma. Tsik. Sau ɗaya a kowane juyi, a wuri ɗaya, kamar mai tafiya da ƙaya a tafin ƙafa. Na duba allo, layi miƙe yake. Na kai magana sama aka ce lambobi suna cikin iyaka, kunne kuma ba ya shiga rahoto. Bayan sati uku layin ya fara fito da haƙora, ƙanana, kamar bakin zarto. Sai a lokacin aka yarda in yi masa jinya.

Na ɗumama tukunyar kaɗan don man ya saki jiki, ya sami sauƙin sati uku. Da ciwon ya dawo na nemi izini na tsayar da shi kwana biyu a cikin ɗumi, man da ya gudu gefe ya rarrafo ya koma hanya, ya tashi ras, wata guda cur babu tsik. Na rubuta wannan da babban baƙi a littafin aiki, domin shi ne kaɗai maganin da na ga ya karɓa, ɗumi da hutu. Sai dai mun fara a makare. A watan ƙarshe tsik ya zama tsik-tsik, ya zama karrr, sharar ta koma jan ƙafa. Ranar Talata ina riƙe da sukudireba a kunne na ji ya zo wurin nan da ya saba tuntuɓe, ya tsaya, injin da ke tura shi ya yi ƙoƙari, ya sake yi, ya ja shi ya wuce. Na ƙirga goma. Ya zo wurin kuma. Na'urar kariya ta yanke wuta. Na ci gaba da ƙirgawa har sittin da wani abu kafin na gane babu wanda nake jira.

Ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha takwas, duka suna tare da shi a cikin tukunya. Ya bar ƙaramin injin da ya tura shi tsawon rayuwarsa, wanda lafiyarsa ƙalau amma ba shi da abin yi. Ya bar famfon zuƙe iska a ɗakin baya, wanda har yanzu yake aiki don ba a gaya masa ba. Ya bar na'urar ƙirga a tsaye a kan miliyan arba'in da takwas da 'yan kai. Ya bar 'yata, shekara huɗu ba wata ɗaya. Ya bar ni. Ya kuma bar ƙane guda a sama, inda tsani ba ya kaiwa, yana juyi sau shida a minti da ɗigo ukunsa, bai san wansa ya tsaya ba.

Akwai wata da ya bari wadda ba ta ma san da shi ba. Innata tana zaune a wani gari na bakin kogi, a gidan da ta haife mu, ta ce ba ta barinsa sai a kwance. Daminar bara saƙon gargaɗin ambaliya ya iso musu kwana biyu kafin ruwa. Yayana ya kwashe ta da awakinta da keken ɗinkinta zuwa makarantar kan tudu, ruwa ya zo ya kai saman taga. Hotunan da aka duba aka aika saƙon, madubin nan ne ya ɗauko su. Har yau in mata suka taru tana gaya musu aikin 'yarta ne ya tashe su. Ba ta san 'yar tata ce ta murɗa abin da ya sa ba mu san ranar da madubin zai rufe ido ba.

Ranar Laraba Babban Injiniya ya shigo ɗakin gwaji da katako a hammata. Mutumin kirki ne, shi ya ƙara mini sati biyu a hutun haihuwa ba tare da na roƙa ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na ci masa mutunci. Kowa ya san yadda muke yi a gidan nan. Duk abin da ya gama gwaji ya ci, a ciro shi, a wanke shi da sinadari, a goge har mutum ya ga fuskarsa, a kafa shi a katako a sa a durowar gilashi ta bakin ƙofa. Katakon Dattijo har an sassaƙa masa rubutu: shekara goma sha biyar.

"Uwar Dattijo, sai haƙuri," ya ce. "Amma ai irin wannan mutuwar ake roƙo. Bakwai aka nema, ya ba mu sha biyar. Rahoto layi biyu, mu sha lemo."

"Yallaɓai, wata arba'in da huɗu ya ba mu."

Ya ajiye katakon a kan teburina a hankali. "Kin tuna sa hannun wa ke ƙasan takardar nan?"

"Nawa."

"Na sama fa?"



"Ni saura mini shekara biyu in koma gona," ya ce. "Ke fa? Yarinyarki ko firamare ba ta shiga ba." Ya zauna a kujerar baƙi, ya cire tabarau ya murza ido. "Na san abin da kike so. A riƙa kwantar da madubin a watannin da babu ruwa, a ɗumama shi, a ajiye ƙarfinsa don damina. To masu tuƙa tauraron ba za su rufe madubi rabin shekara saboda kunnen tsoho da sukudireba ba. Sai kin nuna musu abu a ido."

"To a bar ni in buɗe shi yadda yake."

Ya daɗe yana kallon tukunyar. "Alhamis ta sama," ya ce. "Abin da aka gani shi za a rubuta, ko ya ci ni ko ya ci ki. In ba a ga komai ba, katako na nan." Ya fita ya bar mini shi a tebur. Yana nan, na kifa shi.

A gida na gaya wa Abban yarinyar muna ninke wanki. Malamin makaranta ne, ba ya son magana mai kwana.

"Wato ke da kanki za ki kai ƙarar kanki?"

"Haka ya zama."

"In suka sallame ki fa?"

"Sai in buɗe shagon gyaran fanka."

"Ke? Ta ɗakinmu shekara guda tana kuka ba ki ɗaga kai ba." Ya ninke rigar makarantar yarinyar, ya sake warware ta, ya sake ninkewa. "Inna ta sani?"

"A'a."

"To ki rubuta. In ruwa ya zo babu saƙo, ba za ki iya zama da mu a gidan nan ba, na san ki."

Ranar Asabar da hantsi na je wurin Baba Kunne. Na same shi a ƙofar gida a kan benci, jikokinsa suna wasa a gabansa yana kallonsu kamar hoto. Kunnen ya tafi. Mutumin da yake jin tsik ta cikin ƙarfe mai kaurin hannu, yanzu sai an sa baki a kunnensa an ɗaga murya. Na yi ihu na ce Dattijo ya tsaya. Ya ce wa? Na fito da sukudireba daga jaka na nuna masa. Ya karɓa, ya shafa mariƙin da babban yatsa.

"Wata nawa a sannu?" ya ce.

Na nuna masa da yatsu, huɗu da huɗu. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ya ce, da na fi samun sauƙi.

"Saurara, injiniya," ya ce da ƙarfi, irin na waɗanda ba sa jin kansu. "In kika buɗe, duba hanyar da 'ya'yan ke bi. In tsakuwa ce ta shiga, ko ƙarfen ya tsage, ƙaddararsa ce shi kaɗai, ki je ki yi barci, ɗan'uwan lafiya lau. In kuwa kika ga man ya zama baƙi kamar kwalta ya manne a hanya, sannu ce ta kashe shi, kuma tana can tana cin na sama. Abin bai kai kwallin ido ɗaya ba. Tsumma ɗaya ya isa ya tafi da shi." Ya kama hannuna ya danna mini sukudireban a tafi. "Yaran wurin aikinku hannunsu ya riga kansu. Ni na koya musu, abu ya fito a goge. Kada su wanke shi."

Tun ranar Talata nake ƙirga goma. Ina juya tukunya a kicin ina ƙirgawa, ina yi wa yarinya wanka ina ƙirgawa, a layin jiran mota ma na kama bakina yana motsi. Jiya tana kwance a ƙasa tana zane tana yin mmmm ɗinta, sai ta tsaya, ta buga harshe, tsik, ta ci gaba. Na ce wa ya koya miki? Ta ce Dattijo, ranar da kika ba ni abin kunne. Ranar Juma'a da safe kuma, babu kowa a ɗakin gwaji, na kara sukudireba a ƙafar tukunyar ta hagu, don hannu ya saba. Na ji tsik. Na san ƙarfe ne ke hucewa, ko jinina ne a kunne, ni injiniya ce. Amma na ƙirga, kuma a goma ya sake zuwa.

Abu na ƙarshe kafin jana'iza. Kullum da rana ana aiko mana da layin ƙanen daga sama, mu sa a fayil, kusan ba mai dubawa tunda wata talatin da takwas miƙe yake. Na ranar Alhamis ɗin da ta wuce yana da haƙori guda. Ƙarami ne, zai iya zama ƙurar da saƙo ya kwaso a hanya, na Juma'a babu komai. Na buga shi a takarda na manna a ƙasan wannan sanarwa. Kowa ya duba da idonsa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a ɗakin gwaji na biyu. Tun ranar Laraba za a tsayar da famfo, a shigar da busasshiyar iska a hankali, kada a firgita abin da ke ciki. Ni zan kwance ƙusoshin murfin, Babban Injiniya zai tsaya shaida, mai ɗaukar hoto zai ɗauki kowane mataki kafin a motsa komai. Za a ɗauko marigayin da hantsaki a kan farantin gilashi mai murfi, a wuce da shi kai tsaye ƙarƙashin madubin ƙara girma. Masu halarta su sa hular gashi da takunkumi da safar hannu, su tsaya bayan jan layi. Ba a kuka a kan faranti, hawaye gishiri ne. Lemo yana baranda ga mai so. Za a karɓi gaisuwa a teburina bayan an ga abin da aka gani. Ina roƙon Allah ya sa tsakuwa ce. In kuwa kwalta ce, na yi wa 'yata alkawari ni zan rubuta saƙon da za a aika wa ƙanensa, cewa wansa ya tsaya, shi ya kwanta ya huta kafin damina, da sunana a ƙasa kamar wancan karon.

Kai kuma mai karanta wannan, musamman in kana cikin masu tsumma a aljihun baya: wannan mamaci ba a yi masa wanka. Za ka gan shi da datti, hannunka zai yi ƙaiƙayi, za ka ce bari in ɗan share gefen nan kawai don hoto ya yi kyau. Kada ka kuskura. Na kwashe kwalaben sinadari na kulle, makullin yana wuyana. Ka bar tsummanka a bakin ƙofa, ka sa hannuwanka biyu a baya inda zan gan su. Baƙin da za ka goge shi ne kaɗai abin da Dattijo ya bar wa ƙanensa, kuma uwata tana kwana a bakin kogi.